Filin Tambaya da Amsa: An hana mu siyasa a wurin aiki, mai kamfani kuma yana yin ta da dukiyar kamfani

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina aiki ne a sashen awo da lodi na wani kamfanin casar shinkafa a nan Katsina. Kwanakin baya hukumar kamfanin ta liƙa takarda a allon sanarwa, aka kuma raba mana kwafi mu sa hannu, cewa an haramta wa kowane ma'aikaci harkar siyasa. Ba sa hula ko riga mai alamar jam'iyya, ba muhawarar siyasa a harabar kamfani, ba halartar taron jam'iyya, kuma duk wanda aka ga ya rubuta goyon baya ko suka ga wani ɗan takara a Facebook ko WhatsApp, ko da daga gidansa ne, to a bakin aikinsa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a cikin waɗannan kwanakin ne muke loda buhunan shinkafa masu hoton wani ɗan takara a motocin kamfani, kuma kowa ya san Alhaji ne ya ba da su gudummawa. Ni sakataren wata jam'iyya ne a mazaɓarmu tun kafin in kama wannan aiki. Shin doka ta ba su ikon hana ni? Kuma ya halatta kamfani ya yi siyasa da dukiyarsa alhali ya hana ma'aikatansa buɗe baki?

Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, zan fara da tambayarka ta biyu, domin a kanta doka ta fi yin magana ƙarara, kuma ita ce mutane da yawa suka fahimta a baibai.

Akasarinmu mun ɗauka cewa kamfani dukiyar mai shi ce, yana iya ba wa wanda ya ga dama daga cikinta. A dokar Najeriya ba haka abin yake ba. Kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, mutum ne mai zaman kansa a idon doka, kuma aljihunsa daban yake da na Alhaji, ko da kuwa Alhaji da 'ya'yansa ne suka mallaki hannayen jarin gaba ɗaya. Sashe na 43(2) na Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan wannan shekarar, ya hana kamfani ba da kyauta ko gudummawa daga kuɗinsa ko kadararsa ga jam'iyyar siyasa, ko ƙungiyar siyasa, ko don wata manufa ta siyasa, kai tsaye ko ta hannun wani. Wannan hani ba sabo ba ne, yana nan tun cikin dokar 1990 a sashe na 38(2). Idan aka keta shi, jami'an kamfanin da suka aikata da masu hannun jarin da suka goyi bayan hakan su za su mayar wa kamfanin abin da aka fitar, sannan ga tara daidai da ƙimar abin da aka bayar. A samansa kuma akwai sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko kuɗin yaƙin neman zaɓen ɗan takara.

Shinkafa kadara ce. Mota kadara ce, haka man da aka zuba mata, haka ranar aikin da aka biya ku kuka yi lodi. Saboda haka abin dubawa shi ne littafin akanta: daga aljihun wa abin ya fita? Idan Alhaji ya sayi shinkafar daga kamfanin da kuɗinsa a farashin kasuwa, aka yanka masa rasit, ya biya kuɗin dako, to ya yi abin da kowane ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi, matuƙar bai wuce iyakar da dokar zaɓe ta sa ba. A lokacin da aka yi Dokar Zaɓe ta 2022, ta ƙayyade cewa kada wani ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50, bayan da a dokar 2010 iyakar naira miliyan 1 ce kacal. Idan kuwa daga sito aka kwashi buhunan aka rubuta su a matsayin kuɗin talla ko kyautar kamfani, to an shiga abin da doka ta hana. Akwai lauyoyin da ke cewa tunda dokar zaɓe ta ambaci mutum da wanin mutum, kamar ƙungiya ko kamfani, a wajen da ta sa wannan iyaka, ai ta buɗe wa kamfanoni ƙofa. Ban gamsu da wannan fassara ba, domin dokar zaɓe ba ta soke ta kamfanoni ba, kuma ba ta isa ta ture Kundin Tsarin Mulki ba.

Ba zan ɓoye maka ba cewa wannan doka tana cikin waɗanda aka fi takawa a bainar jama'a. A zaɓen 2003 wasu manyan 'yan kasuwa sun haɗu ƙarƙashin sunan Corporate Nigeria suka tara wa takarar Obasanjo kuɗi. A watan Disamban 2014 an yi liyafar tara kuɗi a fadar shugaban ƙasa inda aka sanar da alƙawuran sama da naira biliyan 21 don jam'iyyar PDP, a lokacin da doka ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da biliyan 1. Na kawo waɗannan ne don su ne aka yi a gaban kyamara, amma ɗabi'ar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kuma ba kasafai ake jin an gurfanar da wani kamfani a kanta ba. Rashin hukunci dai bai mayar da abin halas ba.

Dalilin hanin shi ne abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe. Kamfani ba ya kaɗa ƙuri'a, kuma ba don kyauta aka kafa shi ba, don riba aka kafa shi. Duk nairar da ya ba ɗan takara yana sa ran ta dawo masa ta hanyar kwangila, ko fili, ko sassaucin haraji, ko kawar da kai daga wani laifi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin kuwa da kuɗin jama'a ake yin sa: titin da aka yi mara inganci, da taki da aka saya a ninkin farashi, da asibitin da aka bari ba magani. Wasu ƙasashen sai da suka ɗanɗana kafin su rufe ƙofar. Kotun Ƙolin Brazil ta haramta gudummawar kamfanoni a 2015, ana tsakiyar badaƙalar kamfanin mai na Petrobras, ta Indiya kuma a watan Fabrairun 2024 ta soke wani tsari da ke bai wa kamfanoni damar ba jam'iyyu kuɗi ba tare da jama'a sun san mai bayarwa ba. Ingila ta bari a bayar, amma sai masu hannun jari sun amince idan abin ya wuce fam 5,000 a shekara. Amurka ce ta bi wata hanya dabam. Tun 1907 ta hana kamfanoni ba 'yan takarar tarayya kuɗi kai tsaye, amma a watan Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka yanke cewa kamfani yana iya kashe ko nawa ne wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, matuƙar ba a hannun ɗan takarar ya sa kuɗin ba.

Yanzu ga tambayarka ta farko, wadda ta shafi tuwon gidanka. Takardar da aka ba ku ta haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba.

Abin da ya shafi cikin harabar kamfani da lokacin aiki, gaskiya tana wajensu. Mai wurin aiki yana da ikon cewa kada a sa hular jam'iyya, kada a liƙa fosta, kada a tsaya gardamar siyasa a bakin inji ko gaban masu sayen kaya, kamar yadda yake da ikon tsara lokacin shigowa da na tashi. Wanda ya taɓa ganin yadda gardamar zaɓe ke raba abokan aiki na shekaru ya san wannan ƙa'ida tana da amfani ga ma'aikatan kansu. Ka bi wannan ɓangaren da zuciya ɗaya.

Amma halartar taron jam'iyya ranar hutunka, da riƙe sakatarenka na mazaɓa, da abin da ka rubuta a wayarka bayan ka tashi aiki, waɗannan suna wajen katangar kamfani. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowane mutum 'yancin taruwa da shiga jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar ƙwadago, sashe na 39 ya ba shi 'yancin faɗin ra'ayi, sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ra'ayinsa na siyasa. Lauyan kamfani zai ce maka sashe na 42 da gwamnati da dokokinta yake magana, kuma a tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila mai gida yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko babu dalili, in dai ya ba da wa'adi ko ya biya kuɗin wa'adin. Wannan magana tana da tushe, sai dai abubuwa sun canza tun gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, hurumin sauraron ƙararrakin nuna bambanci a wurin aiki da zaluntar ma'aikaci, tare da ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Daga cikinsu akwai Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002, kuma ta ambaci ra'ayin siyasa da sunansa cikin abubuwan da ba a yarda a yi wa ma'aikaci bambanci a kansu ba. Ma'aikacin da aka kora don kawai yana wata jam'iyya yana da hujjar da zai tsaya a kanta a gaban wannan kotu. Akwai ayyukan da yanayinsu ya sa dole mai yin su ya nisanci jam'iyya, kamar alƙali, soja, ɗan sanda da ma'aikacin hukumar zaɓe, amma mai awon shinkafa ba ya cikinsu.

Wannan rigima ba a Katsina ta fara ba. A watan Satumban 2020 shugaban Coinbase, wani kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto na Amurka, Brian Armstrong, ya sanar da cewa ba a son muhawarar siyasa a wurin aiki, wanda bai yarda ba ya karɓi kuɗin sallama, kuma kimanin ma'aikata 60 suka karɓa suka tafi. Kamfanin manhajar kwamfuta na Basecamp ya yi irin haka a watan Afrilun 2021, kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa suka ajiye aiki. Abin lura game da Coinbase shi ne, da zaɓen 2024 ya zo, yana cikin kamfanonin da suka fi zuba kuɗi a siyasar Amurka, inda ya ba wata ƙungiyar yaƙin neman zaɓe mai suna Fairshake miliyoyin daloli masu yawa don a zaɓi 'yan majalisar da za su kare kasuwancinsa. Kamfanin yana ganin wannan kare sana'a ne kawai. Ma'aikaci ma, Malam, da ya shiga jam'iyya farashin gero da kuɗin makarantar 'ya'yansa da tsaron hanyar garinsu yake karewa.

A nan ne nake ganin zaluncin takardar taku. Da Alhaji ya ce kamfaninsa ba ruwansa da kowace jam'iyya, ya ɗaure kansa da asusun kamfanin da wannan ƙa'ida kafin ya ɗaure ku, da na ce ya kyauta. Amma kamfanin da motocinsa ke yawo da hoton ɗan takara bai fita daga siyasa ba. Ya zaɓi ɓangare, sannan ya nemi kada a ji muryar kowa a gidan sai tasa. Dattawan Katsina da Daura da suka ga shekarun 1950 sun san irin wannan, lokacin da ma'aikacin En'e ko ɗan kasuwa mai neman rumfa ke ɓoye katinsa na jam'iyyar adawa ta NEPU don tsoron abin da zai biyo baya. Bai kamata abin da aka sha wahala aka raba jama'a da shi a hannun hukuma ya dawo ta ofishin manaja ba.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawa, kuma kada ka yi shi kai kaɗai. Ka adana kwafin takardar tare da takardarka ta kama aiki. Ku haɗu da abokan aikinka, ta hannun ƙungiyar ƙwadago idan kuna da ita, ku rubuta wa hukumar kamfani cikin ladabi cewa kun amince da ƙa'idar cikin harabar aiki, kuna roƙon a cire abin da ya shafi rayuwarku ta waje. Sau da yawa irin waɗannan takardu wani jami'i ne ya rubuta da zafin hannu don ya faranta wa mai gida, kuma akan gyara idan an yi magana da hankali. Kada ka fita Facebook kana zargin Alhaji da karya doka alhali ba ka ga littafin akanta ba, domin hakan zai iya jawo maka ƙarar ɓata suna, ya kuma ba su dalilin kora wanda kotu za ta karɓa. Kada ka yi siyasarka da rigar kamfani ko da sunansa. Idan aka matsa sai ka sa hannu, ka ga lauya ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kafin ka sa. Idan kuma abin ya kai ga a ce ku zaɓi wane ko ku rasa aiki, to an fita daga dokar aiki an shiga laifin zaɓe, domin dokar zaɓe ta haramta yi wa mutum barazanar cutarwa ko asara don a tilasta masa inda zai sa ƙuri'arsa.

TAMBAYA

Malam, ina da ƙaramin kamfanin ruwan leda a Daura, mai rajista. A zaɓen da ya wuce yarana biyu sun ba hamata iska a kan gardamar jam'iyya har aiki ya tsaya, don haka ina so in kafa doka kafin kakar siyasa ta sake kamawa. Sannan 'yan siyasa kan aiko a ba su ruwa kyauta don taronsu, ni kuma ina jin nauyin hana su. Yaya zan yi?

Daga wata Hajiya, Daura

AMSA

Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kina da cikakken ikon kafa wannan doka, kuma kin yi daidai da kike so ki kafa ta tun kafin zukata su yi zafi. Ki rubuta ta a taƙaice, ki karanta musu da Hausa a gaban kowa: ba alamar jam'iyya a jiki ko a jikin motar rabon ruwa, ba gardamar siyasa a lokacin aiki, wanda ya kai hannu kuma hukuncinsa na faɗa ne, ko a kan me aka yi faɗan. Ki tsaya a nan. Kada ki tambaye su jam'iyyarsu, kada ki bi diddigin abin da suke rubutawa a wayoyinsu, kuma ranar zaɓe ki sake su su je su kaɗa ƙuri'a. Abin da zai sa dokar ta zauna shi ne su ga ta hau kowa daidai, har da ɗanki idan yana aiki a wurin, har da wanda jam'iyyarku ɗaya da shi.

Batun ruwan kyauta kuwa, dokar da na ambata a sama kariya ce gare ki. Tunda kamfaninki mai rajista ne, ba shi da ikon ba jam'iyya ko taron kamfe kyautar kayansa, kuma wannan amsa ce da za ki ba kowane ɗan aike ba tare da ya ce kin ƙi shi don kin fi son wancan ba. Ki sayar wa duk wanda ya zo a farashi ɗaya, ki yanka rasit. Idan zuciyarki tana tare da wani ɗan takara, ki taimaka masa daga kuɗinki na kanki. Wannan bai shafi sadakar ruwa ga masallaci ko makabarta ko asibiti ba, wadda ba ta da alaƙa da neman ƙuri'a. A gari kamar Daura, inda kowa ya san kowa, kamfanin da aka yi wa shaidar cewa na wata jam'iyya ne yakan rasa masu sayen ɗaya ɓangaren, kuma idan mulki ya juya yakan sha wahalar da bai shirya mata ba.

TAMBAYA

Ni malamar firamare ce ta gwamnati. Matan mazaɓarmu suna so in karɓi shugabancin mata na jam'iyya, amma shugaban makarantarmu ya ce ma'aikacin gwamnati ko katin jam'iyya bai kamata ya yanka ba. Gaskiya ne?

Daga wata malama, Katsina

AMSA

Malama, a kan kati shugabanku bai yi daidai ba. A shari'ar da aka yi tsakanin hukumar zaɓe ta INEC da marigayi Alhaji Balarabe Musa, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981 lokacin Katsina da Daura suna cikinta, Kotun Ƙoli ta bayyana a 2003 cewa tanadin dokar zaɓe da ya hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan jam'iyya ya saɓa wa sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma yana koyarwa ne a lokacin da yake ɗan jam'iyyar PRP a Jamhuriya ta Biyu.

Sai dai yankar kati daban, riƙe muƙami daban. Ƙa'idojin aikin gwamnati suna nan da tanadinsu na hana ma'aikaci riƙe muƙamin jam'iyya da fitowa fili yana yi wa ɗan takara kamfe, kuma hukumomi suna ladabtarwa da su. Shugabar mata aikinta ke nan, tara mata da hawa mumbari, don haka karɓar muƙamin zai iya jawo miki takardar tuhuma, ko da kuwa daga baya lauya zai iya ƙalubalantar ta a kotu. Ki nemi ganin ƙa'idar a rubuce a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku kafin ki ba matan amsa. Idan kuma wata rana takara kike so ki tsaya, ta majalisar jiha ko ta tarayya, Kundin Tsarin Mulki ya wajabta miki ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.